Tsakanin Tsohon Ɗaki da Sabon Gida

 

Wata Asabar cikin watan jiya, tun kafin a kira sallar Azahar, motoci uku muka ƙirga sun fita daga layinmu a Nima ɗauke da kayan gida, kuma dukkansu yamma suka nufa, ta Kaneshi, ta Malam, su haye kogin Densu su faɗa Kasoa. Katifa a sama, turmi a gefe, uwargida a gaba kusa da direba ta rungume agogon bango. Maƙwabta sun fito ana ta addu'a, ana cewa Allah ya sa an shiga a sa'a. Biyu daga cikin motocin nan gida suka nufa, kuma muna taya masu su murna. Ta ukun kuwa sito ta nufa, domin mai kayan ya bar ɗakin haya alhali gininsa bai kai ga rufi ba. A kan irin wannan mota ta uku muke so mu yi magana yau.

Ƙaura dai ba baƙuwarmu ba ce a ƙasar nan. Sabon Zongo kansa ƙaura ce ta haife shi, lokacin da Malam Bako ya kwashi jama'arsa daga tsohon zangon cikin garin Akara a wajajen 1910. Madina ma haka, a 1959 aka kafa ta ƙarƙashin Alhaji Seidu Kardo, bayan an tashi mutane daga wurin da suke zaune kusa da filin jirgin sama. Shi kuwa Kasoa, sunan ma namu ne, kasuwa ce baki ya lanƙwasa, masu ƙasar suna kiran wurin Odupongkpehe. A ƙidayar 1970 mutanen garin ba su cika dubu ba. A ta 2000 sun haura 34,000, a ta 2010 sun kusa 70,000, wanda kuma ya je can kwanan nan ya san an daɗe da wuce wannan lissafi. Cikin waɗanda suka cika garin akwai 'ya'yan Nima da Mamobi da Sabon Zongo da Sukura masu yawan gaske.

Abin da ke korar mutane kowa ya san shi, adibas ne. Dokar haya ta 1963, wato doka mai lamba 220, ta hana mai gida karɓar kuɗin haya na gaba fiye da na wata shida. Amma wane ne cikinmu ya taɓa samun ciki da falo a Akara da kuɗin wata shida? Shekara biyu ake nema, in mai gida ya ji tausayinka ya karɓi ɗaya. Akwai ofishin kula da haya da gwamnati ta kafa domin irin wannan ƙara, sai dai wanda ke neman wurin da zai sa haƙarƙarinsa ba ya fara kai mai gida ƙara. To, idan wa'adi ya cika, magidanci ya duba kuɗin shekara biyu a hannu ɗaya, ya duba gininsa da ya tsaya a linta a ɗaya hannun, sai zuciya ta ce masa: zuba kuɗin nan a naka, ka sayi kwano da katako, ka rabu da haya har abada. Shawara ce mai kyau, mu ma da ita za mu ba shi. Inda gizo ke saƙa shi ne watannin da ke tsakani, lokacin da iyali za su raɓa a ɗakin wata gwaggo, kaya kuma dole a nema musu wurin kwana.

Bari mu ba ku labarin wani ƙanenmu, ɗan kawunmu, tela ne. Hayarsa ta ƙare a watan Afrilu. Fulotinsa yana kan hanyar Nyanyano, inda in iska ta kaɗo da yamma har warin teku kana ji. Ya lissafa cewa wata uku sun isa a yi rufi a sa ƙofa da taga. Aka haɗa shi da wani mai shaguna da bai gama ginawa ba a kusa da wurin, ɗan'uwan surukinsa ne, ya ba shi shago ɗaya da araha. Aka jibge kaya a kan siminti, aka ja ƙofar ƙarfe, aka sa kwaɗo. Wata uku suka zama takwas, kamar yadda duk wanda ya taɓa gini zai gaya muku. Ran da aka buɗe shagon a watan Disamba muna wurin. Katifa ta yi baƙi da fumfuna. Kabad ɗin uwargida, irin na garin katako da ake matsewa, ƙafafunsa sun sha ruwa sun kumbura, ana taɓawa yana marmashewa. Keken ɗinkinsa na biyu, wanda ya ce da shi zai buɗe shago a can, tsatsa ta cinye shi har allura ba ta motsi. Atamfofin lefe da matar ta adana shekara da shekaru duk sun yi ɗigo-ɗigo. Ba ta ce uffan ba, ta zauna a kan wani bulo tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Wannan duka hasara ce, amma ba ita ta fi ciwo ba. Da aka zo ƙirga kwalaye sai ya ce goma sha huɗu ya ajiye, mai shago ya ce shi goma sha biyu ya gani. Biyun da ake gardama a kansu na kwanuka da kwalla ne na kayan aurenta. Ya ja mu gefe ya ce, "Yaya, wallahi goma sha huɗu ne." Muka ce, "Ka rubuta?" Ya ce, "Haba Yaya, ɗan'uwan surukina ne fa. In ce masa ya sa hannu a takarda? Ai sai a ce na mai da shi ɓarawo." Har yau ba mu san mai gaskiya ba. Mai yiwuwa an sace, mai yiwuwa sun faɗi a hanya, mai yiwuwa tun a Nima aka bar su a tsakar gida wani ya ɗauke. Abin da muka sani shi ne gidaje biyu da suka haɗa jini sun yi sallah ƙarama ba su gaisa ba.

Kunyar nan da ta hana shi rubutu mun san inda ta samo asali, kuma ba mu raina ta ba. Lokacin da muke yara, ƙaura gayya ce. Samarin layi su fito, a kira 'yan kura biyu, mata su ɗauki kwanuka a ka, kafin La'asar an gama, a ci waake a watse. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nisan bai wuce daga wannan layi zuwa wancan ba, kuma duk abin da aka fitar idon mutum ashirin ya gan shi. In ajiya ce, a ɗakin maigidan zango ko na liman ake kai ta, gaban shaidu, kuma mutuncinsa ne jinginar. Iyayenmu suna ba mu labarin watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasa. Mutane da yawa sun sayar da kayansu a wulaƙance, wasu kuma suka bar su amana a hannun maƙwabta. Akwai waɗanda suka dawo bayan shekaru suka tarar da akwatinsu yadda suka bar shi, akwai kuma waɗanda ba su tarar da komai ba, sai dai labarin na farko aka fi so a ba yara. Ko ma dai yaya, wancan tsari ya yi aiki ne saboda kowa ya san kowa, kuma jama'ar unguwa su ne takardar.

Yanzu fa? Tafiyar kusan kilomita 30 ce, direban ba ka san shi ba sai lambar waya, yaran da suka loda kayan an ɗauko su ne a tasha, shagon yana unguwar da ba wanda ya san sunan mahaifinka. Shaidu sun tafi, kunya ta zauna. Mun tambayi wani malaminmu na fiƙihu game da rigimar ƙanen namu, ya ce hukuncin ajiya a mazhabarmu sananne ne: wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya salwanta sai in an tabbatar ya yi sakaci ko ya taɓa kayan. To da me za a tabbatar, alhali ba a ma san adadin abin da aka ba shi ba? Ya kuma tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. In haka ne, wanda ya ce a rubuta bai zagi kowa ba. Hasali ma takardar ta fi kare mai shago, domin shi ne za a kira ɓarawo ran da lissafi ya ruɗe.

Rubutun nan kuwa ba wani aiki ne mai wuya ba. Littafin makaranta na ɗan firamare ya isa. A sa wa kowane kwali da kowace jaka lamba da babban alƙalami, a rubuta lambar a littafi tare da abin da ke ciki a taƙaice. Ɗanka na aji shida zai yi wannan, har ya ji daɗin an ba shi aikin manya. A ƙirga lokacin lodi, a ƙirga lokacin saukewa. A rubuta kuɗin wata, da ranar da aka fara, da abin da za a yi in an zarce wa'adi, da wanda ke riƙe da makulli. Mu a ganinmu kwaɗon ya zama naka, makullin a aljihunka. Mutum biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kofi, a kuma ɗauki hoton kayan da waya kafin a rufe ƙofa. In ta waya ka biya kuɗi kada ka goge saƙon, shi ne rasiɗinka.

Sai maganar da muka fi so mu daɗe a kanta, domin ita ce mutanenmu suka fi jahilta, wato abin da iskar bakin teku ke yi wa kayan da aka rufe. Kakanninmu daga ƙasar rani suka zo, inda za a sa hatsi a rumbu ya shekara lafiya. Nan ba haka ba ne. Wanda ya bi hanyar Malam zuwa Kasoa ya ga filayen gishiri a hannun hagu wajen bakin Densu, kuma a Nyanyano ma gishiri ake yi. Iskar da ke busar da wannan gishiri ita ce ke shiga shagonka, tana ɗauke da laima da ɗan gishiri-gishiri, kuma ƙarfe ba shi da maƙiyin da ya fi waɗannan biyu in sun haɗu. Da damina laimar iska a nan takan haura 80 cikin 100. Damina kuma biyu gare mu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Wanda ya rufe kaya a Afrilu ya buɗe a Disamba, kamar ƙanen namu, ya ba su damina biyu cur a cikin duhu ba iska.

Siminti yana tsotso danshi daga ƙasa, musamman sabon gini da bai gama bushewa ba. Saboda haka kada kaya su taɓa daɓe, a jera bulo a ɗora katako, a kuma bar tazarar tafin hannu tsakanin kaya da bango. Kwantena da ake yayi yanzu, irin waɗanda suka gama aiki a tashar jiragen ruwa ta Tema aka mai da su shaguna da sito, sun fi shago wuyar fasawa, amma suna da nasu ciwon. Da rana ƙarfen ya yi zafi kamar tanda, da dare ya huce, sai laimar da ke ciki ta taru a rufin ta riƙa ɗigowa kan kaya kamar an yi yayyafi. In kwantenar ba ta da ƙofofin iska a sama, ko tana zaune a ƙasa ba a ɗora ta kan bulo ba, a nemi wata. Kuskuren da mata suka fi yi, da kyakkyawar niyya, shi ne ɗaure zannuwa da katifa tam a cikin leda. In akwai ɗan danshi a jikinsu leda ta kulle shi ke nan, fumfuna ta samu gida. A shanya su a rana su bushe ƙayau tukuna, a sa a akwati da kafur. Keken ɗinki da duk wani ƙarfe a shafe shi da mai. Firiji a kashe shi tun kwana ɗaya kafin tafiya, a goge, a bar ƙofarsa a ɗan buɗe. Hatsi da garin rogo da manja kada su kwana a sito ko dare ɗaya, ɓera da kyankyaso suke gayyata. Tukunyar gas kuwa ba ta da wurin zama a rufaffen ɗaki mai zafi.

Kafin ka biya ko sisi, je ka ga wurin da idonka, in da hali washegarin ruwan sama. Dubi gindin bango, ruwa yakan bar zane a inda ya taɓa kaiwa. Tambayi mai sayar da koko a bakin layi, ita ba ta da riba a yi maka ƙarya. Wuraren da ke ƙasan madatsar ruwa ta Weija, irin su Tetegu da Oblogo, sun sha ambaliya idan aka buɗe ƙofofin madatsar, kuma ta watan Oktoba na 2022 ba a manta da ita ba. Bayan haka, ko wurin ya yi kyau, a riƙa zuwa duk mako biyu ko uku a buɗe ƙofa iska ta shiga. Da ƙanen namu ya leƙa sau ɗaya a watan Yuni, da ya ceci keken.

Game da masu mota ba za mu tsawaita ba. Akwai kamfanoni a Akara masu rufaffiyar mota da ma'aikata da ke naɗe kaya su ba da takarda, kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancinmu, amma wanda ke da kaya masu tsada ya tambaya ko suna biyan abin da ya fashe, kuma a nuna masa a rubuce. Sauranmu ƙaramar lorin nan da kowa ke kira Kia muke ɗauka a tasha. A kawo direba ya ga kayan da idonsa kafin a yi ciniki, a kuma fayyace: sawu nawa, da 'yan lodi ko babu, wa zai biya su, akwai tamfol ko babu. In ba a yi haka ba, sai an kai tsakiyar hanya ya ce kayan sun fi yadda aka gaya masa, kai kuma katifarka tana bisa motarsa, ba ka da bakin musu. Kada a biya duka sai an sauke. Aboboya tana da amfani a cikin unguwa, inda lungu ya matse har lori ba ta shiga, amma ba abin hawa babban titi da kabad ba ce. Mutum ɗaya na gida ya bi motar, yara kuma a sa su a turoturo, kada a ɗora su kan kaya don a rage kuɗin mota.

Hanyar ma a yi mata lissafi. An daina karɓar kuɗin hanya a shingen Kasoa a watan Nuwamba na 2021, amma cunkoso bai san an daina ba. Talata da Juma'a ranakun kasuwa ne a can. In an yi ruwa, laka takan gangaro daga tudu ta rufe titi, mota ta yi awoyi a tsaye. Da sassafe motoci Akara suke nufa, da yamma su komo, saboda haka mai ƙaura ya fita da hantsi ya fi masa. Sababbin unguwanni kuma ba su da sunan layi da direba zai gane, a nemi lambar adireshin GhanaPost GPS da aka fito da ita a 2017, ko a sa yaro ya jira a mararraba. Kafin a miƙa makullin tsohon ɗaki a karanta mitar wuta da ta ruwa gaban mai gida, don kada bashin wani ya biyo ka.

Za ku yi mana afuwa, malamin makaranta ba ya rufe baki bai ambaci yara ba. Kowace shekara sai mun ga yaro ya ɓace daga aji tsakiyar zango, a ce sun ƙaura. Bayan wata biyu uban ya zo neman takardar canjin makaranta, in an tambaye shi katin sakamakon yaron ya ce yana cikin kaya a sito. Takardar haihuwa, katin asibiti, katin ɗan ƙasa, takardun fili, sakamakon jarrabawa, waɗannan ba kayan kwali ba ne. A haɗa su a jaka ɗaya ta zauna a jikin uwargida. Wanda ɗansa ke ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare ya tuna cewa a makarantarsa aka yi masa rajistar jarrabawar BECE, kuma a cibiyar da aka ba makarantar zai rubuta. Yaron da zai taso daga Kasoa da asuba ya ratsa cunkoson Malam ya zo ya zauna jarrabawa a Nima an cuce shi. Gara a bar shi wurin kakarsa har ya gama.

Ƙanen namu ya tare a gidansa yanzu, ɗaki biyu da falo, ba filasta tukuna amma nasa ne. Keken yana wurin mai gyara a Kaneshi, an ce sai an canja masa kayan ciki. Dattawa sun sa ranar da za a zauna da ɓangarorin biyu bayan sallar Juma'a a kan maganar kwalayen nan, an kuma ce mu zo da littafi da alƙalami.

Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalam.